Shin ruwan zinariya yana kashe ƙwayoyin cuta?

An daɗe ana cewa shan ruwan da aka jiƙa zinariya a ciki, ko mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyinta, yana maganin cututtuka irin su taifot. Ba abin mamaki ba ne, abu mai tsada da ba ya tsatsa dole a kyautata masa zato.

Sai dai rashin tsatsar nan ita ce matsalar. Ruwan ciki ba ya narka zinariya, yawancinta yadda ta shiga haka take fita. Gaskiya ne masana na nazarin ƙwayoyinta da ido ba ya gani, amma galibi a ɗakin gwaji da jikin dabbobi, ba a amince da su a matsayin maganin sha na bakteriya ba. An taɓa yi wa masu tarin fuka allurar sinadarin zinariya. Gwajin da aka wallafa a Amurka a 1931 ya nuna ba ya warkarwa, illa yake yi, har da ƙoda.

Inda take aiki sosai shi ne gwaji. Jan layin da ke fitowa a tsinken gwajin ciki ko na maleriya, sau da yawa ƙwayoyin zinariya ne.

In an kawo muku kwalbar irin wannan ruwan zinariya, ku duba lambar rajista, ku tambaya ko an gwada shi a kan mutane, kuma wace cuta takamaimai. Ku nuna wa likita kafin a sha, musamman yara, don taifot ba ta jira.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.