Mene ne ɓoyayyen caji a katin banki, kuma yaya ake ƙalubalantarsa?

Ɓoyayyen caji shi ne duk kuɗin da aka cire wa mai kati, ko aka ɗora masa a kan farashin kaya, ba tare da an sanar da shi kafin ya biya ba. Haka nan wanda aka sanar da shi amma ya zarce iyakar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya gindaya. A Bauchi mukan haɗa komai wuri guda mu ce "banki na cinye min kuɗi". Sau da yawa gaskiya ne, sai dai ba duk cirar da ta ɓata maka rai ce ta saɓa doka ba. Wanda ya iya rarrabe su shi ne ake mayar wa kuɗinsa, wanda bai iya ba kuma a ba shi haƙuri a sallame shi.

Kati iri biyu ne. Akwai wanda kusan kowa ke riƙe da shi, katin ATM, wanda ke ɗiba daga kuɗin da ke asusunka. Akwai kuma katin bashi, inda banki ke biya maka yanzu, kai kuma ka biya shi daga baya. Na biyun bai yaɗu a nan ba, don jama'a da dama na gudun kuɗin ruwa saboda addini, amma ana ba wasu ma'aikata masu albashi da 'yan kasuwa. Hanyar ƙorafi a kan duka biyun ɗaya ce.

CBN ya fitar da kundin cajin bankuna wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. A cikinsa kuɗin ba da sabon katin naira bai wuce ₦1,000 ba. Kuɗin kula da kati ₦50 ne duk wata uku, ga katin da ke haɗe da asusun ajiya kaɗai. An soke shi ga asusun karent. Tura kuɗi ta waya ₦10 ne idan bai wuce ₦5,000 ba, ₦25 har zuwa ₦50,000, sai ₦50 ga abin da ya haura haka. Ana ƙara harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin, shi ya sa kake ganin ₦10.75 ko ₦53.75 a saƙon banki. Daga 1 ga Maris ɗin 2025 kuma aka sauya tsarin ATM: cirar kuɗi a na'urar bankinka kyauta ce, a na'urar wani banki da ke harabar reshensa ₦100 ne a kan kowace ₦20,000, kuma an janye cira uku ta kyauta da ake yi a wata. Waɗannan suna da ciwo, ni ma ina ganin sun yi wa talaka yawa, amma a rubuce suke. Idan aka cire maka kuɗin kula da kati duk wata maimakon duk wata uku, ko aka cire shi a asusun karent, ko aka cire sau biyu, to a nan ka kama bakin zaren.

Inda aka fi cutar mutane ba ma a banki ba ne, a gaban kanta ne. Ka gama ciniki a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, an daidaita a kan farashi, ka miƙa kati, sai yaron shago ya ce, "Alhaji, in da kati ne akwai ɗari biyu a kai." Wani ma ba zai faɗa ba, zai danna adadin da ƙarin a ciki, sai ka je gida ka ga bambanci. Ƙa'idojin CBN na biyan kuɗi ta na'ura sun hana ɗan kasuwa sa wa mai kati wani farashi daban ko ƙara masa caji don kawai ya biya da kati. Kuɗin hidimar na'urar, wanda kundin ya sa kashi 0.5 na ciniki kuma kada ya wuce ₦1,000, nauyin mai shago ne. An taɓa yin wannan rigima a ƙarshen 2019, lokacin da gidajen mai da manyan kantuna suka riƙa ƙara wa masu saye ₦50 da sunan harajin hatimi, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ce haramun ne, CBN kuma ya umarci a daina.

Na san hujjar 'yan kasuwarmu: riba ƙanƙanuwa ce, na'ura kuma tana yankar nata. Hujja ce da ake saurare. To amma mai shago yana da damar sa wannan a cikin farashinsa tun farko, kamar yadda yake sa kuɗin haya da na dako. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya bari sai an shafa fatihar ciniki sannan ya fito da sabon sharaɗi. A kula, wannan daban yake da mai POS da ke zaune a rumfarsa yana ba da tsabar kuɗi. Shi hidimar ce sana'arsa, kuma yakan faɗi cajinsa kafin a sa kati.

Katin bashi yana da nasa ramukan. Banki kan nuna maka mafi ƙarancin abin da za ka biya a wata, sai mutum ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali ruwa na hawa a kan ragowar. Cirar tsabar kuɗi da irin wannan kati galibi tana da caji na musamman, jinkirin biya kuma yana da tara. Duk waɗannan dole su kasance cikin takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, don haka ka nemi kwafinta ka adana. Abin da babu shi a takardar, kana da hujjar ƙin yarda da shi. Sai kuma manhajojin intanet masu cewa a gwada kyauta na mako guda, su karɓi lambar kati, daga nan su riƙa ɗiba duk wata. Ɗaliban jami'a da ke Yelwa da Gubi su kula da wannan sosai.

Ƙalubalantar caji tana farawa da shaida. Ka nemi cikakken bayanin asusunka daga banki, ka ja layi a ƙarƙashin cirar da kake tuhuma, ka riƙe rasiɗin POS da saƙon da ya shigo wayarka. Sannan ka kai ƙorafi bankinka a rubuce. Faɗa da baki a gaban teburin kula da abokan hulɗa ba ya barin sawu. Takardar ta ƙunshi sunanka, lambar asusu, ranar da abin ya faru, adadin kuɗin, da abin da kake nema, wato a mayar maka. Kada ka rubuta lambar sirrin katinka a ciki, kuma kada ka faɗa wa kowa ita, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Kafin ka fita, ka ce a ba ka lambar bin diddigin ƙorafi. Idan ma'aikacin ya ce, "Hajiya, ki je za mu duba," amsar ita ce, "To malam, a ba ni lambar tukuna."

Akwai wa'adi. Idan ATM ya ci kuɗi bai bayar ba, tun Yunin 2020 CBN ya ce a na'urar bankinka a mayar nan take ko cikin awa 24, a na'urar wani banki cikin awa 48, cinikin POS ko na intanet da ya gaza kuma cikin awa 72. Sauran ƙorafe-ƙorafe banki na da mako biyu, na cajin da ya wuce ƙa'ida da na bashi kuma kwana 30. Idan wa'adi ya cika ba a warware ba, sai a rubuta wa Daraktan Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, a haɗa da lambar bin diddigin da kwafin takardar farko. Ba sai an je Abuja ba, reshen CBN da ke nan Bauchi yana karɓar irin wannan takarda. Kundin 2020 ya tanadi tarar ₦2,000,000 a kan banki ga kowane saɓa ƙa'idar caji, bayan mayar da kuɗin da aka cira.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yafe irin wannan da sunan kawaici. Mutum zai ce hamsin ce kawai, ba zai je ya bi layi a kanta ba. Amma hamsin ɗin nan ba kai kaɗai aka cire wa ba, kuma a cikin waɗanda aka cire wa akwai dattijuwar da ba ta iya karanta saƙon banki. Idan banki ya ga ƙorafi iri ɗaya a rubuce daga mutane da yawa, dole ya duba tsarinsa.

Idan kuwa mai shago ne ya ƙara maka, fara da shi cikin mutunci, ka nuna masa rasiɗi ka nemi ragowarka. In ya ƙi, shugabannin kasuwa na nan, kuma sukan sasanta irin wannan cikin sauri. Babban kanti ko gidan mai da ya mayar da ƙarin al'ada, shi kam FCCPC ake kai wa ƙararsa, tare da rasiɗin da ke nuna farashin kaya da abin da aka cira a katin.