Tashar Wuta da Ɗumi ta Gaɓar Teku a Kiel

Tashar Gaɓar Teku, wadda Jamusawa ke kira Küstenkraftwerk, tasha ce mai ƙona iskar gas da ke samar da wutar lantarki da ruwan zafi a lokaci guda a birnin Kiel, hedikwatar jihar Schleswig-Holstein a can ƙuryar arewacin Jamus. Tana unguwar Dietrichsdorf, a gaɓar gabas ta mashigin ruwan da ya kutso cikin birnin daga Tekun Baltik. Ta fara aiki gadan-gadan a ƙarshen shekarar 2019. Ƙarfinta ya kai wajen megawat 190 na lantarki, da kusan kwatankwacin haka na zafi, kuma daga gare ta ne gidaje da ofisoshi da shaguna sama da 70,000 ke samun ɗumi. Kamfanin Stadtwerke Kiel ne ke da ita. Kashi 51 cikin ɗari na kamfanin yana hannun MVV Energie na birnin Mannheim, sauran 49 kuma na hukumar birnin Kiel ne.

Asalinta

Kiel gari ne na mutum kusan 250,000, kuma sanyinsa ba na wasa ba ne. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan tsaya dab da inda ruwa ke daskarewa, a Disamba kuwa hasken rana bai cika wuce awa bakwai da 'yan mintoci ba. Ɗumama ɗaki a irin wannan wuri buƙata ce ta rayuwa. Maimakon kowane gida ya girka tukunyarsa, wani babban sashe na garin yana haɗe da bututan ƙarƙashin ƙasa da ke kawo ruwan zafi daga tasha guda. Ruwan ya shiga gini, ya bar zafinsa, ya koma tasha a sake dafa shi. Da yake tashar tana gabas, tsakiyar gari kuma yana yamma, sai da aka haƙa rami a ƙarƙashin mashigin ruwan, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, domin bututan su tsallaka.

A da, wata tashar kwal da aka buɗe a 1970 ce ke wannan aiki a wannan gaɓa, mai ƙarfin megawat sama da 300. Ta tsufa, gyaranta yana cin kuɗi, hayaƙinta kuma ya zama abin magana. An rufe ta a ƙarshen Maris na 2019, tun kafin Jamus ta kafa dokar 2020 da ta tsayar da 2038 a matsayin wa'adin daina ƙona kwal baki ɗaya. An gina sabuwar tashar dab da tsohuwar, a kan kuɗi kusan yuro miliyan 290. Kamfanin Kraftanlagen na Munich ne ya karɓi kwangilar ginin.

Yadda take aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da janareta yana aiki ya san zafin da ke fita daga salansa da jikin injin. Man da aka zuba, ƙasa da rabinsa ne ke zama wuta, sauran ya tafi a banza cikin iska. Haka abin yake a manyan tashoshi ma, inda ake zubar da zafin a kogi ko a teku ko ta hasumiyar sanyaya ruwa. Dabarar haɗa wuta da ɗumi ita ce a tare wannan zafi a sayar da shi.

A Kiel ba a girka babbar farfelar gas guda ɗaya ba kamar yadda aka saba a tashoshi masu wannan girma. Injuna 20 aka jera, samfurin J920 FleXtra, ƙirar masana'antar Jenbacher da ke garin Jenbach a yankin Tirol na Ostiriya. Kowannensu injin fistin ne mai silinda 20, yana ba da kimanin megawat 9.5 na lantarki. An kasa su gida huɗu, biyar-biyar, kowane rukuni da dogon bututun hayaƙinsa. Gas ya ƙone a cikin silinda, fistin ya juya sandar injin, sandar ta juya janareta. Zafin kuma ana tatso shi ta ko'ina ya samu: daga ruwan da ke sanyaya injin, daga baƙin mai, daga iskar da aka matse kafin ta shiga silinda, sai kuma mafi yawa daga hayaƙin da ke fita. Kimanin kashi 45 cikin ɗari na ƙarfin gas ɗin yana zama lantarki. Idan aka haɗa da zafin da aka kama, abin da ake mora ya haura kashi 90. Masu tashar sun ce hayaƙin kabon da take fitarwa ya gaza na tsohuwar tashar kwal da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Me ya sa injuna 20? Amsar tana cikin iskar da ke kaɗawa a jihar. Schleswig-Holstein tana tsakanin tekuna biyu, kuma cike take da fankokin samar da wuta, a tudu da cikin ruwa. Ranar da iska ta taso, wuta takan yi yawa har farashinta a kasuwa ya faɗi warwas, wani lokaci ma ya gangara ƙasa da sifiri. Da iskar ta kwanta sai farashi ya yi sama. Tashar kwal tana buƙatar awoyi kafin ta yi zafi, don haka ba ta iya bin wannan hawa da sauka. Injunan Kiel kuwa cikin ƙasa da minti biyar suke kaiwa ƙarshen ƙarfinsu daga tsaye. Ana iya tayar da uku a bar goma sha bakwai, kuma waɗanda aka tayar su yi aiki da cikakken ƙarfi, inda injin ya fi tsimin gas. In ɗaya ya shiga gyara, kashi biyar cikin ɗari kawai aka rasa.

Tankin ruwan zafi da tukunyar lantarki

Akwai wata matsala da ta daɗe tana damun tashoshi irin wannan. Lokacin da gari ke neman ɗumi ba lallai ya zo daidai da lokacin da wuta ke da tsada ba. Tashar da dole ta yi aiki saboda mutane na jin sanyi takan sayar da wutarta a kan asara.

Abin da ya warware wannan a Kiel shi ne wani ƙaton tanki mai tsawon mita 60, wanda ake hangowa daga ɗaya gaɓar. Yana adana ruwan zafi kimanin lita miliyan 30, wanda zai iya riƙe garin har awa takwas ko da injuna duka suna kashe. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka yakan taru a sama, mai sanyi ya zauna a ƙasa, ba tare da wani shamaki a tsakaninsu ba. Idan ana cika tankin, iyakar da ke tsakanin biyun sai ta riƙa yin ƙasa. Idan ana ɗiba, ta riƙa hawa. Da haka injuna ke aiki a sa'o'in da wuta ke da daraja, a zuba zafin a tanki, a sha shi daga baya.

Kusa da tankin akwai tukunyar lantarki mai megawat 35, wadda aikinta kishiyar na injunan ne. Idan wutar iska ta yi yawa a kan layi, ita take shanye rarar ta dafa ruwa da ita. A gaskiya waɗannan biyun, tanki da tukunya, su ne suka bambanta tashar da sauran, duk da cewa injunan ne aka fi ɗauka a hoto.

Batun gas

Gas dai man ƙasa ne, kuma ragin hayaƙi ba daina hayaƙi ba ne. Masu fafutukar kare muhalli a Jamus sun daɗe suna cewa kowace sabuwar tashar gas tana ɗaure gari da wannan makamashi na shekaru masu yawa, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ga kuma batun inda gas ɗin ke fitowa. A 2021 sama da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, gas ya daina zuwa ta bututun Nord Stream a ƙarshen Agustan shekarar, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma masu biyan kuɗin ɗumi a faɗin ƙasar sun ji a jikinsu. Jamus ta yi gaggawar buɗe wuraren sauke gas ɗin da ake kawowa a jiragen ruwa, na farko a Wilhelmshaven a Disamban 2022, wani kuma a Brunsbüttel, cikin jihar Schleswig-Holstein kanta, a farkon 2023.

Stadtwerke Kiel da masu ƙera injunan sun bayyana aniyar mayar da tashar ta koma ƙona haidirojin, wata iska da ke ƙonewa ba tare da fitar da hayaƙin kabon ba, zuwa 2035. Gyara injunan shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne samun haidirojin mai yawa da aka yi da wutar iska, a farashin da mazauna gari za su iya biya, da kuma bututun da zai kawo shi har Dietrichsdorf.