Dogayen kalmomin Turanci da haruffan da suke tarayya a kansu

Me ya sa dogayen kalmomin Turanci da yawa suke ƙarewa da haruffa iri ɗaya?

Saboda yawancinsu haɗa su aka yi daga gutsattsarin Girkanci da Latin, kuma kowane gutsure yana ɗauke da ma'anarsa duk inda ya je. Bahaushe ya san irin wannan ginin: da ya ji "ma" a farkon makaranta, masallaci, maƙera ko majema, ya san wuri ake nufi.

A asibiti abin ya fi fitowa fili. Kalmar da ta ƙare da itis tana nuna kumburi: hepatitis kumburin hanta, arthritis kumburin gaɓoɓi, meningitis kuma kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wato sanƙarau. Wadda ta ƙare da ectomy tana nufin a yi tiyata a cire wani sashe. Iasis na yawan zuwa da cututtukan da ƙwari ko tsutsotsi ke jawowa, irin su schistosomiasis, wadda muke kira tsargiya, da trypanosomiasis, ciwon barci a jikin mutum, sammore a jikin shanu. Wannan ta biyun har cibiyar bincike ta tarayya gare ta a Kaduna. Shi kuwa ology ilimi ne. Kalmar otorhinolaryngology mai haruffa 19 tana da ban tsoro a ido, amma oto kunne ne, rhino hanci, laryng maƙogwaro. Sashen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke nan.

Wace ce ta fi kowacce tsawo?

A manyan ƙamusoshi, pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis ce, haruffa 45. Idan aka datsa ta: pneumono huhu, ultra fiye da kima, microscopic abin da ido ba ya iya gani, silico sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis cuta. Ciwon huhu ne da shaƙar ƙurar dutse mai laushi ke kawowa.

Sai dai ba likitoci suka ƙirƙire ta ba. A 1935 Everett M. Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasan kacici-kacici ta Amurka, ya ƙago ta da gangan don ta zarce sauran kalmomi tsawo. Cutar kam gaskiya ce, tana kama masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, amma likita silicosis yake rubutawa, haruffa tara, ya wuce wurin. A ganina wannan sarauta ce ta aro. Akwai kuma cikakken sunan wani sinadarin da ke cikin tsoka mai suna titin, wanda ake cewa ya kai haruffa 189,819, amma ƙamusoshi ba sa ɗaukarsa a matsayin kalma.

To, antidisestablishmentarianism fa, wadda ɗalibai ke fafa da ita?

Haruffanta 28, kuma tana da tarihi na haƙiƙa a bayanta. A Ingila akwai cocin gwamnati, Cocin Ingila, wadda sarki ko sarauniya ke zama shugabanta, bishop-bishop ɗinta 26 kuma suna da kujeru a majalisar dattawa. Establishment shi ne wannan matsayi na zama addinin hukuma. Ƙara dis a gaba, ya zama tuɓe coci daga matsayin. Ƙara anti, ya zama adawa da tuɓewar. Arian mai riƙe da ra'ayin ne, ism kuma ra'ayin kansa. Rigimar ta yi zafi a ƙarni na 19: gwamnatin Firayim Minista William Gladstone ta zartar da dokar raba cocin Ireland da hukuma a 1869, an raba cocin Wales da hukuma a 1920, Cocin Ingila kuwa tana nan daram har yau.

Akwai wadda ta ɗara ta ba tare da ta zama sunan cuta ba?

Akwai, da harafi ɗaya: floccinaucinihilipilification, haruffa 29, ma'ana raina abu, a ɗauke shi ba a bakin komai ba. Kalmomin Latin huɗu aka jera, dukansu na nufin abu maras daraja. Jacob Rees-Mogg, ɗan majalisar Birtaniya a lokacin, ya taɓa furta ta a zauren majalisa a 2012, kuma burga ce ta sa shi, ba buƙata ba.

Waɗanne ne suka yi suna saboda yadda haruffansu suka jeru?

Indivisibility, wato rashin rabuwa, tana da harafin i har sau shida. 'Yar'uwarta indivisible tana cikin sashe na 2 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, inda aka ce ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Facetious, mai raha inda ba a raha, da abstemious, mai kamewa wajen ci da sha, sun ƙunshi wasula biyar a, e, i, o, u, a jere kuma sau ɗaya ɗaya. Uncopyrightable, abin da ba a iya yi wa haƙƙin mallaka, haruffa 15 ne babu wanda ya maimaitu. Strengths kuma haruffa tara ce da wasali ɗaya tak, shi ya sa take wahalar da harshen Bahaushe, wanda bai saba tara baƙaƙe uku a jere ba.

Datsa kalma gutsure-gutsure kullum yana kai mutum ga ma'ana?

A'a, kuma akwai inda kuskuren ke da haɗari. In a farkon kalma yakan nuna korewa, kamar a invisible, abin da ba a gani. Wanda ya bi wannan ƙa'ida ido rufe zai ɗauka inflammable abin da ba ya cin wuta ne, alhali ma'anarta ɗaya da flammable, mai saurin kamawa da wuta. In ɗin nan daban ne, daga Latin yake da ma'anar shiga cikin abu. Kalmar inflammable ce ake rubutawa da manyan haruffa a jikin tankokin mai. Invaluable ma haka: abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi take nufi, ba maras amfani ba.