"Used to" a Turanci: tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Tambayoyin ba su da yawa, maimaita su ne ya yi yawa. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan za a turo shi.

Me "used to" yake nufi?

Abin da ake yi a da, yanzu an daina. *I used to smoke*: da ina shan taba, na bari. *There used to be a bridge here*: da akwai gada a nan, yanzu babu. Bayan *to* aikatau tsuransa yake zuwa, ba a liƙa masa *-ing*, ba a liƙa masa *-ed*. Iyakarta ke nan.

In zan ce "nakan tashi da ƙarfe 5", sai in ce "I use to wake up at 5"?

A'a. Ko an cire *d* ɗin, ba ta dawowa yanzu. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce Turawa kan faɗi haka, amma wannan sigar ta mutu, ta da ce kawai ta rage. Hausa tana da lokaci sabau, nakan, kakan, yakan, shi ya sa baki yake neman kwatankwacinsa a Turanci. Kwatankwacin nasa shi ne aikatau kai tsaye: *I wake up at 5*. In kana son ƙarfafawa, *I usually wake up at 5*.

Kada ku ɗauki wannan ƙaramin kuskure. A kunne, *use to* da *used to* sauti ɗaya ne. Mai kamfanin da ya ce *I use to pay my workers on time* yana yabon kansa ne, amma abin da mai sauraro ya ji shi ne: da yana biyan albashi a kan lokaci, yanzu ya daina.

To ina ganin "I am used to waking up early". Ba ka ce babu -ing ba?

Duba abin da ya zo kafin *used*. In akwai *am*, *is*, *are*, *was* ko *were*, magana ta sauya, ta koma ta sabo: na saba da tashi da wuri, ba ya damuna. A nan *to* tana aikin "da" ne a cikin "saba da", don haka suna take nema a bayanta, ko aikatau mai *-ing* da ke zaman suna. Gwajin mai sauƙi ne: cire abin da ya biyo *to*, ka sa *it*. In jimlar ta tsaya daram, *I am used to it*, to *-ing* ce. In ta rushe, *I used to it*, to ba wannan ba ce.

Ba laifinka ba ne in suka cuɗe maka. "Na saba zuwa" a Hausa tana iya ɗaukar ma'ana biyun, Turanci kuwa ya raba su.

"Get used to" fa?

Hanyar zuwa sabon. *You will get used to the noise*: za ka saba da hayaniyar. *I am getting used to driving at night*: ina kan sabawa. Dokar *-ing* ɗin ita ce dai.

Ya ake furta ta?

"Yusta", a dunƙule. Daina ja da baki kana cewa "yuzed tu".

A kore da tambaya, "didn't use to" ne ko "didn't used to"?

*Did* ta riga ta ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci, kamar yadda ake cewa *didn't go* ba *didn't went* ba. Saboda haka *I didn't use to like maths*, *Did you use to live here?* Za ka ga masu harshen da kansu suna rubuta *didn't used to*, har a jaridu, domin kunne ba ya bambancewa. Kai dai a jarrabawa da wasiƙar neman aiki, yar da *d* ɗin. In zuciyarka ta kasa natsuwa, ga hanyar tsira: *I never used to like maths*. Da *never*, *d* tana nan, babu mai musu. Akwai kuma *used not to*, daidai ce, amma Turancin Ingila ne na dattawa da takardu.

Zan iya sa "would" a madadin "used to"? Na ga ana yi.

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Amsar: wani lokaci e, wani lokaci a'a, kuma iyakar ba a shata take da alƙalami ba.

Abin da ya tabbata da farko. *Would* tana ɗaukar aikin da ake maimaitawa, ba ta ɗaukar yanayin da aka zauna a ciki. *We would swim in the river* daidai ce, domin iyo abu ne da ake yi a sake yi. Amma mallaka, sani, zama wani abu, waɗannan ba a yin su sau goma, ana cikinsu ne. *I used to have a car* ta yi. *I would have a car* ta fita daga ma'anar gaba ɗaya, mai ji zai tsaya yana jiran ka ce "in da". Haka *be*, *know*, *own*, *believe*, galibi har da *live*.

Na ce galibi, domin aikatau ɗaya yakan sauya riga. *Have* ta mallaka ba ta yarda da *would*, amma *We would have a meeting every Monday* lafiya lau ce, tunda taro ana yin sa ana sakewa. *Be* ma takan shiga in yanayin yana zuwa yana tafiya: *Whenever I called, he would be busy*. Kenan haddace jerin kalmomi ba zai fisshe ka ba, sai ka tambayi kanka: abin nan maimaituwa yake yi, ko zaune yake?

Na biyu, *would* ba ta iya buɗe zance ita kaɗai. Sai an fara kafa lokacin: *When I was ten*, ko *In those days*, ko kuma a buɗe da *used to* ɗin, sannan *would* ta biyo. Haka masu ba da labari suke yi: *We used to visit my uncle in August. He would meet us at the station.* Ta farko ta buɗe ƙofa, ta biyu ta shiga.

Na uku, kore yana da tarko. *He wouldn't talk to us* yawanci "ya ƙi yi mana magana" take nufi, ba "da ba ya yi mana magana" ba. Wani lokaci mahallin zance yakan warware, wani lokaci ba ya warwarewa.

Akwai kuma ɗan bambancin ɗanɗano: *used to* tana nuna an daina ƙarara, *would* kuwa tuna baya take yi, ba ta damu da yau ba. In kana shakka, ka riƙe *used to*. Duk inda *would* ta wannan ma'anar ta shiga, kusan kullum ita ma za ta shiga. Akasin haka ne ba kullum yake yiwuwa ba.

"This key is used to open the gate" kuskure ne? Ga "is", amma babu -ing.

Daidai ce. Wannan *use* ce ta amfani: da makullin nan ake buɗe ƙofa. Furucinta ma daban, "yuzd" da *z*. Kwatanta biyun nan: *The dog is used to guard the house*, ana gadi da karen. *The dog is used to sleeping outside*, karen ya saba kwana a waje.

"I used to work there for 3 years" fa?

A'a. *Used to* ba ta zama da ƙidayar tsawon lokaci ko adadin sau nawa. *I worked there for 3 years*. *I went to Paris 4 times*, ba *I used to go 4 times* ba.

"I am use to it"?

Mayar da *d* ɗin.