Jinotayif: me AA da AS da SS suke nufi a takardar gwajin aure?

Yau in saurayi ya turo magabatansa neman aure a Kano, tun kafin a kai ga maganar sadaki da lefe akwai tambayar da kan fito daga bakin iyayen yarinya: "To, yaran sun yi jinotayif?" Kalmar ta shiga zaure, ta shiga hirar 'yanmata, har ta shiga doka, domin a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa wannan gwaji da na ƙanjamau da ciwon hanta. Amma in ka tambayi mutum goma ma'anarta, wani zai ce maka "ai ni O ne", wani kuma ya ce nau'in jini ne kawai.

Bari mu fara raba wannan gardamar. Rukunin jini, wato A da B da AB da O, wata alama ce da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini ta waje, kuma ranar da za a yi wa mutum ƙarin jini ake nemansa. Shi kuwa A ɗin da ke cikin AA da AS yana magana ne a kan abin da ke cikin ƙwayar. Harafin ne kawai ya zo ɗaya, kamar Musa biyu a unguwa da ba su haɗa dangi ba.

Kalmar kanta ba a asibiti aka haife ta ba. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, shi ya ƙirƙiro ta a 1909, yana bincike a kan wake. Abin da ya lura da shi kowane manomi ya sani: ka ɗebo iri daga zangarniya ɗaya, ka shuka wani a fadama wani a jigawa, amfanin ba zai zo daidai ba, alhali gadon da ke cikin irin ɗaya ne. Sai ya ba gadon da ke ɓoye suna jinotayif, abin da ido ke gani kuma ya kira shi finotayif. Ke nan asalin ma'anar ita ce rubutun gadon da halitta ta karɓa daga iyayenta. Ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000, kuma a kan kowace yana da nasa jinotayif ɗin. Mu dai mun ɗauki kalmar mun liƙa wa guda ɗaya tak, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Ban ga laifinmu ba, domin wannan ɗayar ita ta fi damunmu.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira DNA, rubuce da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. An naɗe zaren a ƙunshi 46 da ake kira kuromozom, 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma kason kowannensu ya kai haruffa biliyan uku. A ƙunshi na 11 akwai wani ɗan layi mai suna HBB, wanda ke ɗauke da umarnin ƙera wani ɓangare na himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, yake kuma dakon iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Jiki yana karanta haruffan uku-uku, kowane uku na nufin tubali ɗaya, har a jera tubali 146. A gurbi na shida, yawancin mutane suna da GAG. Wasu kuma GTG ne. Shi ke nan. Mai GAG yana ƙera himogulobin A, mai GTG yana ƙera himogulobin S. Bahaushe ba zai yi mamakin ƙarfin harafi ɗaya ba, tunda lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi", ta raba "bari" da "ɓari".

Da yake kowa na da kwafi biyu, ɗaya na uba ɗaya na uwa, shi ya sa sakamakon ke zuwa da haruffa biyu. AA ya karɓi A ta ɓangarorin biyu. AS ya karɓi A daga ɗaya, S daga ɗaya, kuma A ɗin nan yakan ishe shi ya yi rayuwarsa lafiya. SS ba shi da A ko kaɗan, shi ne mai cutar sikila.

Illar S tana bayyana ne idan ƙwayar jini ta sauke iskar da ta ɗauko. Sai sinadarin ya manne da juna ya zama dogayen tsinkaye, su tanƙware ƙwayar da ya kamata ta zama kamar faifai mai laushi, ta koma kamar lauje. Sunan "sikila" ma daga kalmar Turanci ta lauje ya samo asali. Irin waɗannan ƙwayoyi suna maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini, naman da ke gaba ya rasa iska, sai ciwon ƙashi da gaɓoɓi mai sa babba kuka. Kuma ba sa daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke. Sanyin hunturu, dukan ruwan sama, ƙishirwa da zazzaɓi duk suna iya tayar da ciwon. Da kakanninmu suka ce "amosanin jini" sun yi dacen suna, domin sun gane ciwon na gaɓoɓi ne, amma tushensa a jini yake.

A littattafan likitancin Turai kuwa sai 1910 aka fara bayyana cutar, lokacin da likita James Herrick na birnin Shikago ya rubuta labarin wani ɗalibi daga tsibirin Girenada da aka ga ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka sa wa himogulobin lantarki, na mai sikila ba ya tafiya daidai da na sauran mutane. Wannan dabarar ita ce har yau ake amfani da ita a yawancin ɗakunan gwajinmu. A tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano cewa tubali ɗaya ne ya sauya. Wannan ne karo na farko da aka bi sawun wata cuta har zuwa tubali ɗaya a cikin furotin, wato irin sinadarin da jiki ke ginawa da tubalan nan, don haka cutar da ke cika asibitocinmu tana cikin ginshiƙan ilimin ƙwayoyin gado na zamani gaba ɗaya.

Yanzu lissafin aure, inda aka fi samun ruɗani. Idan AS ya auri AS, kowannensu zai miƙa wa ɗa harafi ɗaya, ko A ko S, ba tare da zaɓi ba. Hanyoyin haɗuwa huɗu ne: ɗaya ta ba da AA, biyu su ba da AS, ɗaya ta ba da SS. Da yawa sukan fahimci wannan da cewa a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai yi sikila, har wasu su ce na huɗun ne, don haka za su tsaya a uku. Wannan kuskure ne mai tsada. Ciki ba ya tuna wanda ya gabace shi. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, kashi ɗaya cikin huɗu, ko na fari ne ko na goma.

Wannan lissafin shi ke bayyana hujjar da masoya suka fi riƙewa: "Ai ga wane da matarsa, dukansu AS, 'ya'yansu huɗu ba mai sikila." Gaskiya ne, ana samu. In ka ɗauki gidaje irin wannan masu 'ya'ya huɗu-huɗu, kusan kashi 32 cikin 100 za su tsira ba SS ko ɗaya. Sauran kashi 68 ɗin su ne ba a kawo misali da su a hirar soyayya, domin suna can a layin asibiti.

Haka nan lissafin ya wanke matan da ake ɗora wa laifi. Sau nawa aka ji dangin miji na cewa ita ta kawo musu ciwo cikin zuri'a? Yaro ba zai zama SS ba sai ya karɓi S daga uwa, ya kuma karɓi S daga uba. Rabi da rabi ne. Kuma mai SS da ya auri AA, duk 'ya'yansu AS za su zama, babu mai sikila, saboda haka gudun da ake yi wa masu cutar a maganar aure ba shi da tushe muddin abokin zaman AA ne.

Akwai harafi na uku da ake mantawa, wato C. Shi ma a gurbi na shidan ne sauyin ya faru, GAG ya koma AAG. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, don haka 'yan'uwa mazauna zango su kula. AC da AS in suka haɗu suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, ko da yake sau da yawa ya fi SS sauƙi.

To me ya sa harafin da ke kashe yara bai ƙare ba, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya ke ɗauke da shi, ana kuma ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar duk shekara? Amsar tana wurin sauro. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yaro AA zazzaɓi na iya ɗauke shi, yaro SS sikila na ɗauke shi, AS ne ke tsallakewa ya girma ya haifa, ya miƙa S ɗin gaba. An ga wannan ƙiri-ƙiri a ƙasar Hausa. A binciken zazzaɓin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙauyukan Garki, da ke Jigawa a yau, a shekarun 1970, an samu kusan jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Masu AS kuwa sun ƙaru daga kusan 24 cikin 100 a jarirai zuwa kusan 29 a waɗanda suka haura shekara biyar. Duk lokacin da na tuna waɗannan alƙaluma sai in tuna 'yan wabi, yaran da ake cewa suna zuwa suna komawa. Ina kyautata zaton da yawansu SS ne da ba a san sunan ciwonsu ba.

Sai dai kar mai AS ya jefar da gidan sauro. Yana kamuwa da zazzaɓin kamar kowa, tsananin ne ke raguwa.

Game da asalin harafin, a 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Nijeriya ne da ke aiki a Amurka, sun nazarci rubutun gadon dubban mutane, suka ƙiyasta cewa sauyin ya faru ne sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, a zamanin da Sahara take da ruwa da ciyayi. In haka ne, duk mai S a duniya, daga Katsina zuwa Indiya, kakansu ɗaya.

Sai tambayar da ake yawan yi: jinotayif yana canzawa? Za ka ji wani ya ce da AS ne, ya sha magani ko ya yi addu'a ya koma AA. Rubutun da aka haifi mutum da shi ba ya sauyawa da jiƙo ko allura. Abin da ke faruwa shi ne ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu ya yi kuskure. Na'ura na iya tsufa, ana iya musanya kwalabe, akwai ma gwaji mai araha da iyakarsa ya nuna akwai S, ba ya bambanta AS da SS. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan shi ma sakamakonsa zai ruɗe, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa, sai ya jira kamar wata uku. Shawarata ita ce a yi gwajin a wuri biyu daban, kuma a yi shi tun kafin soyayya ta yi nisa, tun ba a kai ga sa rana ba.

Masu bincike dai sun kai ga taɓa rubutun kansa. Jariri a ciki yana amfani da wani himogulobin daban mai suna F, wanda ba ya yin lauje, shi ya sa jariri mai SS yakan yi watannin farko lafiya, sai wajen wata shida, da F ya ja baya, ciwon ya fara. Akwai ƙwayar gado mai suna BCL11A da ke aiki kamar makunni, tana kashe F bayan haihuwa. Da fasahar CRISPR, almakashin yanka DNA da ya jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020, ana ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a lalata makunnin, a mayar masa, sai jikinsa ya koma ƙera F. Birtaniya da Amurka sun amince da maganin, mai suna Casgevy, a ƙarshen 2023. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A lissafa da naira, in an iya. Abin da ke kusa da hannunmu shi ne ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ita ma F ɗin take ƙarawa, da gwada jarirai tun suna ɗanyen goyo, da rigakafi, da kariya daga sauro.

Akwai kuma dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. A nan ne ma'anar kalmar ke fitowa sarai. Gwajin da muke yi a asibiti himogulobin ɗin da ke cikin jini yake dubawa, daga nan a gane rubutun. Mai SS da aka yi wa dashe daga ɗan'uwansa AA, ɓargon ɗan'uwan ne ke ƙera masa jini, don haka in ya je gwajin aure takarda na iya fitowa da AA. Amma ƙwayoyin haihuwarsa ba a taɓa su ba. Duk ɗan da zai haifa, S zai miƙa masa.