Waiwaye: Tarbiyyar Gida da Yawan Tsarguwar Matasa a Ƙasar Sin

A shekarar 1990, masanin halayyar yara Xinyin Chen da abokan aikinsa sun gudanar da bincike a makarantun firamare na birnin Shanghai. Suka tarar yaro mai kunya da kawaici shi ne abin so wajen malamai da sa'o'insa. Da suka sake dubawa a 2002, reshe ya juye da mujiya: irin wannan yaron ne ake warewa, shi ne kuma ke fama da ƙuncin rai. Kasuwa ta buɗe a tsakanin shekarun, ana neman mai baki da ƙarfin hali.

A cikin gida kuwa, biyayya ga iyaye irin ta koyarwar Confucius, malamin falsafar Sin na dā, na nan daram. Dokar haihuwar ɗa guda, daga 1980 zuwa 2015, ta ɗora burin iyaye biyu da kakanni huɗu a wuyan yaro ɗaya. Ga kuma gaokao, jarrabawar shiga jami'a da aka dawo da ita a 1977, wadda ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024.

Masana sun daɗe suna muhawara kan tsananin iyayen Sin. Ma'aunin salon tarbiyyar iyaye na masaniyar halayyar yara Diana Baumrind ta Amurka ya jefa su sahun masu mulkin kama-karya a gida. A 1994 wata masaniyar, Ruth Chao, ta ƙalubalanci hakan, ta ce tsananin nan kulawa ce da horarwa. Tana da gaskiya, amma ba duka ba. Binciken da aka yi ta yi a makarantun Sin, inda ake tambayar matasa yadda iyayensu suka riƙe su, yana yawan nuna abu ɗaya: inda akwai kyara, kushe ko kaffa-kaffa fiye da kima, tsarguwa na ƙaruwa. Inda ake jan yaro a jiki, tana raguwa.

Tsarguwar nan ba ƙaramin ciwo ba ce. Yarinya 'yar shekara 15 ta shiga aji, biyu suna dariya a lungu, nan take ta ɗauka da ita ake. Ta san amsa, amma hannu ya ƙi ɗaguwa. Da dare a kan teburin abinci a sake kawo mata zancen "ɗan gidan wasu", yaron da matasan Sin suka daɗe suna kuka da shi, wanda kullum ya fi su maki, sannan a rufe da "don amfaninki nake faɗa". Wanda aka saba auna shi a gida, da wuya ya yarda ba a auna shi a waje.

A 2021 gwamnati ta rage aikin gida da darussan kuɗi na bayan makaranta, ta kuma kafa dokar tarbiyyar iyali da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Dokar ta ɗora wa iyaye kula da lafiyar tunanin 'ya'yansu, kotuna ma sun fara umartar wasunsu da su je a koya musu tarbiyya.