Harajin Tsoffin Sojoji, Tsofaffi da Walwalar Jama'a na Gundumar King

Harajin Tsoffin Sojoji, Tsofaffi da Walwalar Jama'a, wanda ake taƙaita sunansa na Turanci da VSHSL, haraji ne na musamman da ake karɓa a kan gidaje, filaye da sauran kadarori a gundumar King ta jihar Washington, arewa maso yammacin Amurka. Ba ya shiga aljihun gwamnati na yau da kullum. An ɗaure kuɗinsa ne ga mutane iri uku: waɗanda suka yi aikin soja da iyalansu, tsofaffi da masu jinyarsu, da sauran marasa galihu. Mazauna gundumar ne ke amincewa da shi ta hanyar ƙuri'a, kuma duk bayan shekara shida sai an koma an nemi yardarsu, in ba haka ba ya mutu.

A tsarin Amurka gunduma mataki ce da ke ƙarƙashin jiha, kusan matsayin ƙaramar hukuma, sai dai ta King ba ƙarama ba ce. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan biyu da dubu ɗari biyu, birnin Seattle ne hedikwatarta, kuma zaɓaɓɓen shugaba da majalisa mai kujeru 9 ke tafiyar da ita.

Asali

Tun kafin wannan haraji, tsohuwar dokar jihar Washington ta wajabta wa kowace gunduma ajiye asusun taimakon tsoffin sojoji mabuƙata. Asusun bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da buƙata. Ga shi kuma jihar ba ta karɓar haraji a kan albashi, don haka gundumomi sun dogara ne da harajin kadara da na saye da sayarwa. A 2001 masu zaɓe suka amince da wani ƙudiri mai lamba 747 wanda ya hana harajin kadara ƙaruwa fiye da kashi 1 cikin 100 a shekara. Kotun ƙolin jihar ta soke shi a 2007, amma majalisar dokoki ta maido da ƙa'idar a shekarar. Tsadar kaya na gudu, kuɗin shiga na rarrafe, kuma abin da doka ta tilasta wa gunduma, wato kotuna, gidan yari da 'yan sanda, shi ke fara cin kasonsa. Ayyukan jinƙai su ne na farko da ake yanke wa kasafi.

Ƙofa ɗaya doka ta bari a buɗe: gunduma na iya wuce wannan iyaka idan jama'a suka yarda da ƙuri'arsu. Ta nan aka bi a watan Nuwamban 2005, lokacin da sojoji ke dawowa daga Iraƙi da Afganistan. Harajin farko santi 5 ne (santi 100 ke yin dala ɗaya) a kan kowace dala 1,000 ta darajar kadara, aka raba shi gida biyu, rabi ga tsoffin sojoji, rabi ga sauran mabuƙata. An sabunta shi a 2011 ba tare da canza wannan tsari ba.

Shigowar tsofaffi

Babban sauyi ya zo a 2017, zamanin shugaban gunduma Dow Constantine. An ninka kuɗin zuwa santi 10, aka ƙara tsofaffi a matsayin rukuni na uku, sunan harajin ma ya canza. Fiye da kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka ce e. A nan tsoho na nufin wanda ya kai shekara 55, ƙasa da shekarun da yawancin shirye-shiryen tarayya ke farawa. A watan Agustan 2023 aka sake sabunta shi na shekarun 2024 zuwa 2029 da goyon bayan sama da kashi 70 cikin 100, ana hasashen zai tara fiye da dala miliyan 560. Kowane rukuni na samun kashi 30 cikin 100, ragowar kashi 10 kuma na ayyukan da suka shafi kowa da ƙarfafa ƙananan ƙungiyoyi.

Lissafin a gidan mutum ɗaya ba shi da wuya. A kan santi 10 ɗin, mai gidan da aka ƙiyasta dala 800,000 zai biya dala 80 a shekarar farko ta wa'adin. Tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, naƙasassu da tsoffin sojojin da suka cika sharuɗɗa na iya neman a ɗauke musu, kada a ce an karɓa daga hannun wanda aka yi abin dominsa.

Inda kuɗin ke tafiya

Sashen kula da al'umma da walwalar jama'a na gundumar ne ke riƙe da asusun. Wani ɓangare yana kashewa da kansa, musamman a shirin tsoffin sojoji mai ofisoshi a Tukwila da unguwar Northgate. Tsohon soja da mai gida ya ba shi takardar tashi yana iya zuwa da takardar sallamarsa daga aiki, a zaunar da shi da jami'i, a biya masa bashin haya ko kuɗin wuta, sannan a taya shi cike takardun neman haƙƙinsa daga ma'aikatar tsoffin sojoji ta tarayya. Wannan na ƙarshe ya fi kowane amfani. Fansho, diyyar rauni da asibiti duk na gwamnatin tarayya ne, amma takardun suna da sarƙaƙiya, kuma da yawa kan haƙura tun ba su kai ga biyan buƙata ba.

Mafi yawan kuɗin kuwa ba ma'aikatan gwamnati ke aiki da shi ba. Gunduma na fitar da sanarwa, ƙungiyoyin sa-kai su gabatar da buƙatarsu, wadda ta yi nasara a ƙulla kwangila da ita, tana kawo rahoton mutum nawa ta yi wa hidima. Ta haka ake ɗaukar nauyin cibiyoyin tsofaffi inda ake cin abincin rana tare, a motsa jiki, a sami abokin hira; da gidajen haya masu rangwame; da lauyoyin kyauta ga wanda ake shirin kora daga gida; da mafaka ga matan da suka tsere wa duka; da ɗan hutu ga 'yar da ke jinyar mahaifinta dare da rana. Ƙungiyoyin baƙi, irin na 'yan gabashin Afirka da 'yan Asiya da ke kudancin gundumar, na cikin masu karɓa, domin tsohuwar da ba ta jin Turanci ba za ta je ofishin gwamnati ba, amma za ta je inda ake magana da harshenta.

Ƙorafe-ƙorafe

Masu suka na cewa haraji irin wannan ya yi yawa a takardar ƙuri'a: na wuraren shaƙatawa daban, na yara daban, na motar asibiti daban, kowanne ƙarami, amma in an tara sai ya yi nauyi, kuma mai haya ma yana biya ta ƙarin da mai gida ke yi masa. Akwai kuma masu ganin cewa sanya tsoffin sojoji a gaban suna dabara ce ta neman ƙuri'a, tunda da wuya Ba'amurke ya ce a'a ga soja. Zargin ba ya rasa ƙamshin gaskiya, ko da yake kason sojojin a rubuce yake, kuma kwamitin sa-ido na 'yan gari na bin diddiginsa.

Su ƙungiyoyin nasu kukan daban ne. Kwangila ba ta cika biyan albashin da zai riƙe ma'aikaci a gari mai tsadar haya kamar Seattle ba, sai ka ga mai taimaka wa marasa gida shi ma yana fama da nasa kuɗin hayar. Ƙaramar ƙungiya mai ma'aikata uku kan kashe kwanaki wajen rubuta rahoto. Wa'adin harajin na yanzu zai ƙare a ƙarshen 2029.